Littattafan Hawawu 'Yar Salaga

Hawawu ba ta tashi da burin zama marubuciya ba, don a Salaga ta wancan zamani babu wanda ya san wata sana'a mai wannan suna. Ita dai 'yar Malam Issahaku ce, wanda kakansa ya zo daga Katsina cikin ayarin goro, ya ga wuri ya zauna. Malam ya koya mata karatu da rubutun ajami tun tana ƙarama. Hannunta kuwa ya fi na kowa kyau a gidan, har shi kansa yakan ba ta kwafin littattafansa in idonsa ya gaji.

A shekarun nan rabin mazan garin suna kudu. Wasu suna fataucin goro a Kumasi, wasu suna gonakin koko, wasu suna ramin zinariya. Matansu kan zo wajen Malam ya rubuta musu wasiƙa, direbobin lori su kai. Malam bai son aikin, don mace in ta durƙusa gabansa kunya takan hana ta faɗin abin da ya kawo ta, ta yi ta gaisuwa har rana ta take. Da ya gaji sai ya ce duk mai wasiƙa ta shiga ciki wajen Hawawu.

Wata ranar Laraba a cikin 1952, maƙwabciyarsu Memuna ta shigo. Mijinta ya shekara biyu a Kumasi.

Ta ce, "Rubuta masa muna lafiya. Rufin ɗaki yana yoyo. Akuya ta haifi biyu."

Hawawu ta rubuta, ta tsaya da alƙalami a hannu. "Shi ke nan, Yaya Memuna?"

"Me kuma ya rage?"

"Shekara biyu fa."

Memuna ta dubi ƙafafunta. "To in ce masa me? In ce tun da ya tafi ban sake kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa ba, don in na ji ƙanshinta abinci ba ya shiga?"

"Wannan za ki ce."

Ta rubuta haka, ta karanta mata. Memuna ta rufe fuska da gyale ta fita ba sallama. Kafin azumi mijin ya dawo. Ko rufin ɗaki ya dawo da shi ko miyar kuɓewa, babu wanda ya tambaye shi, amma matan unguwa sun yanke hukunci cewa wasiƙar ce. Daga nan tabarmar Hawawu ba ta sake rabuwa da baƙi ba.

Abin da ta lura da shi a wannan aiki shi ne, maganar da ta fi daɗi ita ce wadda mace za ta faɗa sannan ta yi sauri ta ce, "Kada ki rubuta wannan." Irin waɗannan maganganu suka taru mata a ka, ba ta da inda za ta kai su. Sai ta ƙirƙiro mutanen da za su faɗe su. Labarinta na farko warƙa ashirin ne, a kan wata mai sayar da koko a mashigin Yeji da wani ma'aikacin jirgin fito, wanda kullum yakan gan ta a wannan gaɓa alhali aikinsa shi ne ya tsallaka waccan. Ta karanta wa mata shida da la'asar suna ɓarzar gyaɗa a tsakar gida.

A nan ta yi makarantarta ta gaskiya. Ta gane inda hannuwa kan tsaya da aiki, da inda wata kan tashi ta ce bari ta duba tukunya. Duk wurin da aka tashi duba tukunya, washegari ta soke shi.

Malam ya tsinci takardun wata rana a kan turmi. Ya karanta su tsaf a tsaye, sannan ya kira ta.

"Takardata ce wannan?"

"Taka ce, Baba."

"Ba na hana ki ba. Amma ki nemi alƙalami dabam da tawada dabam, kada ki haɗa da na karatu. Kada ki sa aya a ciki. Kuma mutumin nan naki mai fito, yaushe yake salla? Tun farko har ƙarshe yana kan ruwa."

Ta koma ta sa shi ya yi azahar a gaɓar Yeji.

A 1955 ta auri Abukari, wani tela ɗan Yendi da ya zo ɗinkin salla Salaga. Mutum ne mai ƙarancin magana, uwarsa Badagomba, ubansa Bahaushe. Tun kafin a ɗaura ta gaya masa tana rubutu kuma ba za ta bari ba. Ya ce shi ma yana ɗinki kuma ba zai bari ba. Suka tare a Yendi, a gidan da ke bayan kasuwa.

A Yendi aikin ya samu tsari. In ta gama shara da girki, tsakanin hantsi da azahar lokacinta ne. Kowane labari takan kwafe shi sau uku da hannu, Abukari ya ɗinke gefen da kekensa ya yi masa bango da ƙyallen atamfa. Littafi yakan fita daga gida zuwa gida, a samu wadda ta iya ajami ta karanta wa saura. Masu aro su kawo sabulu, ko goro, ko ƙwarya ta dawa. Yakan dawo da tabon manja, wani lokaci babu warƙar ƙarshe, sai ta sake rubuta ta. Akwai labarin da ta sake wa ƙarshe sau huɗu, kuma ba a samu biyu da suka zo ɗaya ba.

Labarinta na biyar ne ya jawo mata magana. A kan wata bazawara ne mai sayar da man kaɗe, da wani maƙeri da ke sonta, ita kuma tana jin nauyin 'ya'yanta da suka girma. Wata biyu da fitarsa, wata mata mai kimanin shekara arba'in da biyar ta yi sallama da hantsi. Sunanta Atikatu. Ta ƙi zama a tabarma.

"Ke ce matar tela?"

"Ni ce, Mma. Sannu da zuwa."

"Wa ya gaya miki?"

"Ya gaya mini me, Mma?"

"Kada ki maishe ni yarinya. Shekara tara ina sayar da man kaɗe a kasuwar nan. Shekara shida da rasuwar mijina. Babu wanda ya san maganar nan sai ni da Saaka, shi kuma Saaka ba ya magana."

Hawawu ta ce, "Wallahi ban san ki ba, Mma. Na labarina ma maƙeri ne."

"Saaka ɗin me yake yi? Kitso?"

Sai a lokacin Hawawu ta tuna. Ta sha ganin wani dattijo mai tabon wuta a hannu yana sayen man kaɗe duk ranar kasuwa, man da ya fi ƙarfin gwauro ɗaya. Ta gani ta wuce, ta ma manta ta gani, ashe abin ya zauna mata. 

Atikatu ta ce yanzu in ta zauna a rumfarta mata sai su zo su yi ta murmushi ba su sayi komai ba. Babban ɗanta ya daina gaida Saaka a masallaci.

"Zan karɓo su duka ukun in ƙone, Mma."

"Har da bakin mutane za ki ƙone?" Atikatu ta jawo tabarmar da ƙafa ta zauna. "Ni gutsi-gutsi nake ji a bakin wasu. Karanta mini duka."

Hawawu ta karanta tun daga farko. Atikatu ba ta motsa ba har aka kira azahar. A ƙarshen labarin bazawarar ta ƙi maƙerin, shi kuma ya kwashe kayan ƙirarsa ya koma Saboba.

"Me ya sa ta ƙi shi?"

"Saboda 'ya'yanta."

"'Ya'yan da ke da gemu?" Atikatu ta miƙe ta gyara zanenta. "Ke yarinya ce. Kin iya kallo, ba ki san komai ba."

Bayan kaka aka ɗaura auren Atikatu da Saaka. Ba a aiko wa Hawawu goron gayyata ba, kuma har ta bar Yendi in sun haɗu a hanya Atikatu takan kau da kai. Hawawu ba ta ga laifinta ba. Tun daga nan ba ta sake kafa labari a garin da take zaune ba, kuma in wani mutum ya zo mata a ka da sauƙi, takan tsaya ta tambayi kanta inda ta gan shi.

A 1960 Abukari ya ji labarin ana neman teloli a Bawku, don makarantu sun yawaita ana ɗinkin kayan 'yan makaranta, ga yadi mai sauƙi da ke shigowa daga ƙetaren iyaka. Suka ɗaura keken ɗinki a kan lori, da akwatin takardunta, da 'ya'yansu biyu.

Bawku ba Yendi ba ce. Kasuwa na ci duk bayan kwana uku, ga shanu, ga albasa, ga gero, ga Mosawa da Busansi da Kusasawa da mutanen Togo, kowa da irin Hausarsa. Masu karanta ajami cikin mata kaɗan ne. Littattafanta suka yi wata huɗu a akwati babu mai tambaya. Abin da ke tashe lokacin boko ne. Wata malama Karimatu, wadda ta yi karatu a Tamale, ta buɗe ajin manya a gindin wata bishiyar mangwaro bayan la'asar. Hawawu ta shiga. Tana da shekara ashirin da bakwai, ta rubuta labari takwas, amma ta zauna cikin masu koyon a da ba. Mako uku hannunta na gudu zuwa dama in za ta fara layi. Cikin wata shida ta juya labarin mai koko na Yeji zuwa boko a littafin rubutu na 'yan makaranta.

Malama Karimatu ce ta kai ta wajen Sidiku. Ɗan kasuwa ne, mutumin ƙasar Mosi, yana safarar hatsi da albasa. A wani gwanjo ya sayi tafireta da injin buga takardu irin wanda ake murɗawa da hannu, yana buga wa mutane katin biki da sanarwa. Ya karɓi littafin ya ce ta dawo kasuwa ta gaba.

Da ta dawo ya ce, "Mma Hawawu, labarin yana da daɗi. Amma yarinyan nan ya yi kuka da yawa."

Haka Hausar Sidiku take, mace da namiji duk "ya" ne.

"Kuma Hausanki ya yi nauyi. Na tsofaffin Salaga ne. Mene ne 'bege'? Na tambayi mutum uku a kasuwa, ɗaya ya ce sunan kifi ne."

Ranta ya ɓaci. Ta koma gida ta gaya wa Abukari cewa wani mai albasa zai koya mata Hausa. Abukari bai ɗaga kai daga keke ba. Ya ce, "Su wa za su saya?"

Ta kwana biyu tana fushi, rana ta uku ta tafi kasuwa ta zauna a rumfar wata mai tuwon zafi tana sauraron yadda ake magana. Abin da ta yanke shi ne, in ita ke ba da labari za ta yi Hausar gidansu, in mutanen labarin ke magana su yi irin ta bakin kasuwa. Kukan kuma ta rage rabi. "Bege" dai ta bar shi, ta sa wata tsohuwa a labarin ta bayyana ma'anarsa.

Sidiku ya so a sa sunan namiji a bango, wai maza ba za su sayi littafin mace ba. Abukari ne ya je shagon da kansa, abin da bai saba ba. Ya ce shi bai taɓa ɗinka riga aka ce wani ne ya ɗinka ba, kuma ba za a fara da matarsa ba. Aka buga "Hawawu Issahaku, Salaga."

Bugun farko ya fito a 1961, da matsalar da babu wanda ya hango. Tafiretar Sidiku ba ta da haruffa masu lanƙwasa. Tsofaffin masu karatu ba su damu ba, amma ɗaliban Malama Karimatu abin da suka gani shi suke karantawa. Akwai wurin da aka kai wa mai fito tsegumi a kan budurwarsa, ya dube ta gaban mutane ya ce, "Wannan ƙarya ce." A takarda ya fito "Wannan karya ce." Mata biyu suka zo har gida suna tambaya don me za ta aurar da yarinyar kirki ga mutumin da ya kira ta karya a bainar jama'a. Hawawu ta bi sauran kwafin ɗaya bayan ɗaya da bairo tana yi wa haruffa ƙugiya. Daga baya ta gano in an gama buga takarda mai kakin da ake ɗaura wa inji, ana iya ƙara lanƙwasar da tsinin allura kafin a murɗa. Wannan ya zama aikinta a kowane littafi, da allurar Abukari.

Littattafan suka bi buhunan albasa. Direbobin Sidiku suna sauke su a Bolga da Tamale da zangon Kumasi, wasu har Ankara, babban birnin ƙasar. A Garu wani mai kanti ya riƙa ajiye su kusa da sabulu da ashana. Wasiƙu suka fara zuwa ta hannun direbobi. Wata ta ce a dawo da wanda ya mutu a littafi na biyu. Wani soja ya ce a rubuta labarin soja. Da yawa shawara suke nema a kan aurensu, waɗannan ba ta amsa su, don ta ce ita labari ta iya.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Bayan rasuwar Malam a 1964 ta shekara guda tana rubuta wani dogon littafi a kan Salaga ta zamanin kakanni, da ayari da rijiyoyi da madugai, soyayyar cikinsa kaɗan ce. Sidiku ya ce ba zai sayu ba, ta nace, ya buga. Bai sayu ba. Wata safiya ta aika a sayo ƙosai, aka kawo mata shi a naɗe cikin shafi na talatin da ɗaya. Ta ci ƙosan, ta karanta shafin, ta ga ashe ma akwai jimlar da ta yi tsawo. Littafi na gaba labarin wata ma'aikaciyar asibiti ne da direban lori, shi ne kuma aka sake bugawa har sau uku.

A ƙarshen 1969 gwamnati ta ba da umarni cewa baƙin da ba su da takardar zama su bar ƙasar cikin mako biyu. Zango, unguwar baƙi, ya rikice. Hawawu da Abukari haifaffun ƙasar ne, iyayensu ma haka, duk da haka sai da Abukari ya je Yendi ya samo shaida. Sidiku kuwa ya shekara ashirin da biyu a Bawku ba shi da ko guntuwar takarda. Lorori suka riƙa wucewa ta garin daga kudu, cike da mutane da katifu da tukwane, suna nufin iyaka. Hawawu ta tsaya a bakin hanya tana kallo. Ta san cikin matan da ke saman kayan nan akwai masu aiko mata wasiƙa, ba ta dai san fuskarsu ba.

Ana jibi wa'adi zai cika Sidiku ya aiko a kira ta da maigidanta. Shagon ya zama fayau, sai injin da tafireta a kan tebur.

Ya ce, "Direba ya ce ko inji ko gadon matana. Matana ya ce gado."

Abukari ya ce, "To a sayar da shi mana."

"Wa zai saya yau? Kowa sayarwa yake." Ya juya wajen Hawawu. "Mma, ki ɗauka. In na dawo na karɓa. In ban dawo ba, ki aiko mini kowane sabo, Tankodogo, a tambayi Sidiku mai albasa."

"Ban iya murɗa shi ba, Alhaji."

"Shekara takwas kina tsaye a kaina kina cewa tawada ya yi yawa. Kin iya."

Aka ɗauko injin a amalanke aka ajiye shi a zaure kusa da keken ɗinki. Abukari ya kwance shi gaba ɗaya, ya wanke, ya sa masa man keke, ya mayar. Dunƙule ɗaya na ƙarfe ya rage a ƙasa wanda bai san wurinsa ba, injin kuma ya yi aiki ba tare da shi ba. Tafireta ce ta ba ta wuya. Da yatsa biyu take bugawa, shafi ɗaya a yini, in ta yi kuskure a layin ƙarshe ta sake daga sama.

Sabon littafinta ya fito bayan babbar salla. Rabin abin da Sidiku ya saba bugawa ta buga, don rabin masu karatun sun tafi, direbobin da ke kaiwa kudu ma saura biyu. Shafukan farko sun yi baƙi da tawada, na ƙarshe sun yi fari-fari. Ranar kasuwar Garu ta hau lori da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, da littattafan a cikin kwando. Mai kantin da ke karɓa ya tafi shi ma, wani Bakusashe ya gaji wurin. Ya jujjuya littafin ya ce shi ba ya karatu, amma matar ƙanensa tana yi, ta bar masa goma a gwada.

Ta bar masa, ta sayi albasa da daddawa, ta samu direban da zai tsallaka iyaka ta ba shi kwafi ɗaya ya kai Tankodogo. Ta iso gida kafin magariba. Abukari ya tambaye ta yadda kasuwa ta yi, ta ce da sauƙi, sai dai takarda mai kaki ta kusa ƙarewa, a sa wani ya tambayo musu a Bolga.